Sana'ar da Baffa Zai Faɗa

"To, in sun ce mini mece ce sana'arsa, in ce musu me?"

"Ka ce na karanta Turanci, Baffa."

"Wannan ai sun sani. Har akuyar gidansu ta sani." Baffa Dabo ya gyara zama a kan buzunsa, ya janye ƙafa daga inda rana ta fara shigowa zauren. "Sana'a nake tambayarka. Maƙeri yana ƙira, mahauci yana fawa. Kai fa? Ba zan je gaban dattawa in buɗe baki in ce ɗana Turanci yake yi ba. Su ce mini da wa yake yi?"

Sama'ilu ya kai ido ƙasa. Yana kallon wata tururuwa da ta ɗauko ƙwayar gero tana faman hawa dokin ƙofa da ita, ta faɗo, ta sake hawa. Bai ji tausayinta ba, ba ta kuma ba shi dariya ba. Haka yawancin abubuwa suka koma masa tun da ya dawo daga bautar ƙasa. Yana ganinsu, yana jin motsinsu, amma kamar ta bayan gilashin mota.

Baffa Dabo ƙanin mahaifinsa ne, kuma shi ne a madadin uba tun rasuwar mahaifin. Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, shi zai je gidan Malam Ɗanladi mai awo neman auren Barira. Malam Ɗanladi ne ya aiko da kansa. Ya ce damina biyu ke nan 'yarsa tana sallamar masu zuwa saboda mutum ɗaya, to ko a turo manya a yi magana, ko a ba ta wuri.

"Da likita ka karanta," in ji Baffa, "da yanzu ko allura kana yi wa mutane a zauren nan. Da lauya ne, ga rigimar iyakar gona ba ta ƙarewa. To kai ka je ka ɗauko abin da ba a auna shi, ba a ɗaura shi a kan jaki."

A shekararsu ta ƙarshe a jami'a wani malaminsu ya tsaya a gaban aji ya lissafa musu inda mai digirin Turanci zai iya shiga: gidan jarida, gidan rediyo, banki, makaranta, ofishin jakadanci. Ya buɗe hannuwa ya ce ko'ina. Sama'ilu ya fito daga ajin ranar yana jin kamar an ba shi makullin garin Kano gaba ɗaya. Daga baya ya zagaya wuraren ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kowanne da get da mai gadi, kuma mai gadin yakan karɓi takardun mutum da ladabi ya ajiye su a kan tarin na wasu. Makarantar kuɗin da ta yarda ta ɗauke shi a birni, albashinta bai kai kuɗin mota ba, a shekarar da man fetur ya tashi ya tafi da komai tare da shi.

"Zan ce musu kana jiran takardar aiki daga gwamnati," Baffa ya yanke. "Abin da nake gaya wa kowa ke nan."

"Ba za ta zo ba, Baffa."

"Kai ne ka san gaibu?"

"Ko ka ce musu manomi ne. Ai ina da gona."

Baffa ya dube shi kamar wanda aka zaga a bainar jama'a. Ya leƙa ƙofar zaure ko akwai mai wucewa, sannan ya rage murya.

"Kada ka kuskura Ɗan Iya ya ji wannan maganar daga bakinka. Jibi Alhamis za su shiga gonar nan su yi maka firi, noman farko. Ka je ka gaya wa uwarka ta tanadi fura."

Maganar gonar tsohuwa ce. A shekarar da Sama'ilu ya sami gurbi a jami'a mahaifinsa ya rasu, ya bar shi da mahaifiyarsa Inna Hure da gona ɗaya a gabas da ƙauyen Baushe, kan hanyar Tsanyawa. Kowa ya ɗauka karatu ya ƙare. Ranar addu'ar arba'in, Ɗan Iya, aminin mahaifin tun suna yara, ya miƙe a gaban mutanen unguwa ya ce yaron nan ba zai bar makaranta ba muddin shi yana numfashi. Ya ce gona dai gona ce, za a yi mata gayya. Tun daga nan duk damina mazan unguwa sukan taru da fartanyoyinsu su yi mata noman farko, su dawo su yi maimai, su taya girbi.

Gayya kuwa a ƙauyen ramawa ake yi. Ka je ta wani, ya zo taka. Ta Sama'ilu ce kaɗai ba a taɓa ramawa ba, don sun ce shi daga ofis zai rama. Ɗan Iya yakan ce ranar da ɗansu ya zauna a kujera, unguwa ce ta zauna. Ba wani babban abu suke so ba. Mutum nasu a wurin da ake rabon takin zamani, wanda zai san wa ake gani a gyara rijiyar burtsatse, wanda zai iya cusa ɗan wani ko da aikin gadi. Saboda haka suka daina kiran sunansa, suka koma ce masa Malam. Ko buhu ya sunkuya zai ɗaga, sai wani ya riga shi.

Ya tarar da Inna Hure a tsakar gida ta ɗora tsani a jikin rumbu. Rabin jikinta yana ciki, yana jin ƙwarya tana kankarar ƙasan rumbun. Da ta sauko ya ga abin da ta samo. Ta lura da inda idonsa yake, ta rufe ƙwaryar da faifai.

"Baffa ya ce a tanadi fura."

"Na riga shi." Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗan fari. "Kai, kawo farar rigar nan in goge maka tun akwai garwashi. Ba za ka je gaban mutane kamar wanda aka koro ba."

"Inna, kin ci abinci?"

"Azumi nake."

"Yau Talata."

"Allah ya hana azumin Talata ne?"

Da Litinin da Alhamis take yi. Tun da hatsi ya yi tsada sauran ranakun ma suka fara shiga ciki. Ya san dalili, ta san ya sani. Ya kamata wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ya tsaya yana jira, bai ji komai ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko mata rigar.

Da hantsi ya fita bayan gari, ya hau surin da ke gefen gonar liman, don nan ne kaɗai waya take kamawa sosai. Ya tarar Muhammadu Sani ya neme shi. Ajinsu ɗaya a jami'a, ɗakinsu ɗaya. Ya kira shi.

"Mutumina, kana nan kana jiran gwamnati?" in ji Muhammadu Sani. "Ita ma gwamnatin jira take yi. Ka ji, oga ya sake tambayarka. Wanda yake mana muryar tsofaffi ya tafi acaɓa Legas. Zuwa Asabar in ba ka zo ba wani zai kawo ƙaninsa."

"Sani, duk littattafan nan da muka kwana a kansu, a ce ƙarshensu in zauna a ɗaki ina muryar mace tana kuka?"

"Kuma ka iya, shi ne abin haushin. Ni ban ce maka akwai kuɗi ba. Za ka ci, za ka aika wa Inna ɗan wani abu, katifa kuma mu raba kamar da. Digirin ai ba guduwa zai yi ba, yana nan a leda."

Aikin fassarar finafinai ne. Sama'ilu ya taɓa gwadawa sau ɗaya, ranar da ya je wata intabiyu a Kano ya tarar an riga an raba guraben tun kafin a kira su. Muhammadu Sani ya ja shi wurin aikinsu don kada ya koma gida da wannan fuskar. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a saman wani shago, an lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo. Fim ɗin wata ƙasa yana tafiya a kwamfuta, maganar tana fitowa a rubuce da Turanci a ƙasan hoton, mutum ya karanta ya mayar da ita Hausa nan take, da muryar duk wanda ke magana. Aka sa masa wurin da wani tsoho yake sallama da 'yarsa a tashar jirgin ƙasa. Turancin da ke rubuce busasshe ne, gajere. Sama'ilu ya buɗe baki, sai ya ji kalmomin mahaifinsa suna fitowa, irin waɗanda ya gaya masa a bakin titi ranar da zai fara tafiya makarantar kwana. Da aka tsayar da fim ɗin sai ya ga matar da ke shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ya fito ya hau motar Tsanyawa, bai gaya wa kowa ba.

Ba zai iya gaya wa kowa ba. A Baushe samari ne suke taruwa a shagon caji suna kallon irin finafinan a waya, liman kuma ya taɓa yin huɗuba a kansu. Ɗan Iya yana kiran masu yin su 'yan surutun cikin waya.

"Zan yi tunani," in ji Sama'ilu.

"Tunanin nan naka ya girmi ɗan farina," Muhammadu Sani ya ce, ya kashe.

Ranar Laraba da la'asar ya je wurin Barira. Ta fito da hular da take ɗinki, ta zauna a ƙarshen dakalin ƙofar gidansu, ya zauna a ɗaya ƙarshen. An yi ruwa da daddare, ƙasa tana ƙamshi, hasken yamma ya kwanta a gefen fuskarta. Shekarun baya da ya ga wannan da ya kasa barci. Yakan zo mata daga makaranta da waƙoƙin Turawa a ka, ya riƙa juya mata su da Hausa a nan kan dakalin, tana rufe baki da mayafi tana dariya, tana cewa ashe su ma Turawan haka suke zaucewa. Yanzu ya san tana da kyau kamar yadda ya san yau Laraba.

"Yaya Sama'ilu, ka zo gaisuwar mutuwa ne?"

"Me kika gani?"

"Da kakan zo da magana cike da baki, har sai innata ta aiko a ce magariba ta yi. Yanzu sai in ƙirga gaisuwarka." Ta ja zare ta cije shi. "Baffa zai zo jibi?"

"Zai zo. Yana neman abin da zai ce sana'ata ce."

"Me ya samo?"

"Jiran takarda."

Ta ajiye hular a cinya. Ta dubi ƙofar gida, ta dawo da ido kansa.

"Bari in gaya maka abin da na ji, don gara ka ji a bakina. Baba bai damu da ofis ba. Ya ce shi mai awo ne, ya ga masu ofis suna zuwa da yamma su auni rabin tiya suna waige-waige. Abin da ya ce ba zai iya ba shi ne ya kai 'yarsa gidan da tuwonsa gumin maƙwabta ne."

"Gayya ce. Su suka ce za su yi."

"Ya sani. Ya ce ranar kasuwa matar Baba Ɗan Iya ta zo gabansa, ta tambayi kuɗin gero, ta tsaya, ta juya ta tafi ba ta auna ba. Ya ce kuma mijinta ne gobe zai bar tasa gonar cikin ciyawa ya je ya yi maka firi. Ya ce in na shiga gidanku, loma ta farko da zan kai baki ta matar nan ce."

Wata akuya ta zo ta tsaya tsakaninsu tana shinshinar dakalin. Barira ta kore ta da ƙafa.

"Ba sa barina in riƙe fartanya," in ji shi.

"Ka taɓa hana su hana ka?"

Can ya ce, "Akwai wani aiki a Kano." Ya gaya mata duka, har kwalayen ƙwan da matar da ke shara. Wannan ne karo na farko da ya faɗa da baki, ya ji labarin ya fi yadda yake a ransa ƙanƙanta.

"Kai ne za ka riƙa yin muryar matan?" Dariya ta kusa ƙwace mata.

"Da ta tsofaffi."

"Har da ta ɓarawon fim ɗin?"

"In ya yi magana."

Ta yi dariyar, gajeriya, sannan ta ɗauke ta. "Baba ba zai so ba. A sahun gaba yake sallah, kusa da liman."

"Na sani."

"Ban san me zai ce ba, kada in yi maka ƙarya. Amma abu ne da zai iya maimaitawa in an tambaye shi a kasuwa, ko da ransa a ɓace. Jiran takardar nan ce ya gaji da maimaitawa." Ta ɗauki hular ta soka allura. "Ni ma na gaji, Yaya Sama'ilu. Ƙawayena duk da goyo suke zuwa mini. Ko fartanya ko muryar ɓarawo, ni dai ka zaɓi wadda za ka iya faɗa da bakinka a gaban mutane."

Ya taso kafin a kira magariba. A hanya ya yi ta juya maganar, ya ga fartanya ta fi sauƙi. Ba sai ya bar Inna ba, ba sai liman ya ji sunansa ba. In suka zo gobe suka tarar da shi a cikin kunyar gona yana aiki, ai ba za su ɗauke shi su fitar ba.

Alhamis bayan sallar asuba ya zaro fartanyar mahaifinsa daga saman rufin ɗakin girki. Ƙotar ta yi santsi a inda hannun tsohon ya saba kamawa. Ya sa wata tsohuwar riga, ya bar farar da aka goge a rataye, ya fita ta bayan gida.

Geron ya kai tsawon taƙi, harkiya ta taso ta kewaye shi. Ya sunkuya ya fara. Jikinsa bai manta ba, don har ya shiga sakandare yana bin bayan mahaifinsa a gonar nan. Sauri ne babu. Kafin rana ta fito sosai bayansa ya riƙe, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Ya duba ruwan da ke fita, ya ji zafin, ya kusa yin murna da ya ji wani abu.

Bai ji zuwansu ba sai da inuwa ta faɗo a gabansa. Mazan unguwa ne, fartanyoyi a kafaɗa. Ba su kai yawan da suke zuwa da ba, don samari da yawa sun tafi ci-rani tun rani ba su dawo ba, makaɗi ma babu. Ɗan Iya ne a gaba. Wandonsa ya yi masa yawa, ya ɗaure shi da igiyar rama.

"Subhanallahi. Malam, me muka yi maka?"

"Ba komai, Baba. Na ce in rage muku."

"Ka rage mana." Ɗan Iya ya juya ga sauran. "Kun ji, zai rage mana." Aka yi 'yar dariya. Ya matso ya kama hannun Sama'ilu, ya juya tafin sama, ya daɗe yana kallon inda ya fashe. "Dubi nan. Da wannan za ka gaisa da manya in an kira ka?"

"Baba, ba wanda zai kira ni."

"Haba Malam. Yau ne ba su kira ba."

"Ka bar ni in yi ko kunya ɗaya tare da ku."

"In mutanen ƙauyen gaba suka wuce suka gan ka a duƙe, me za su ce? Su ce 'yan Baushe sun yi shekara da shekaru suna noma wa ɗansu, ashe manomi suke karantarwa." Ya sa hannu a ƙotar. Bai fizga ba. A hankali ya zare ta, yatsa bayan yatsa, kamar mai karɓe wuƙa daga hannun jariri. "Ubanka ya bar mini amana. Je ka zauna."

Sun zo masa da tabarma. Wani ya riga ya shimfiɗa ta a gindin ɗorawar da ke bakin gona.

Ya zauna. Suka jeru, suka duƙa, fartanyoyi suka fara sauka tare. Daga inda yake bayansu kawai yake gani, riguna sun manne da gumi, ƙasusuwan kafaɗa suna motsi a ƙarƙashi. Gonar Ɗan Iya tana can gefen hanya, ana hango ta daga nan, kore shar da ciyawa har ba a bambance shuka. Tsohon yakan yi 'yan taku ya tsaya, ya dafa ƙugu, ya kalli sama kamar mai duba hadari, sannan ya koma. Ba hadari yake dubawa ba.

Sama'ilu ya dubi tafin hannunsa. Ya gane ba taurin kai ne ya sa suka karɓe fartanyar ba. A shekarar da taki ya gagara, hatsi ya gagara, 'ya'ya suka watse, shi ne abu ɗaya da unguwar ta shuka wanda ba a riga an ce ya lalace ba. Muddin yana zaune a tabarmar nan da tsabtarsa, akwai sauran abin jira. Za su dawo maimai, su dawo baɗi, kuma ko ya fito da fartanya sau nawa za su zare ta da wannan ladabin. Ya nemi haushinsu a ransa bai samu ba. Ya nemi kuka, shi ma babu.

Da rana ta take, Inna Hure ta iso da ƙwaryar fura a ka, Baffa Dabo yana biye da ita da sandarsa. Ta sauke a gindin ɗorawar, ta ga rigar da ke jikin ɗanta, ta ga hannunsa. Ta koma gefe ta tsuguna. Mazan suka fito suka zauna a inuwa. Furar ruwa ta fi yawa. Ludayi ya riƙa zagayawa, kowa ya sha ya miƙa, ba wanda ya nuna ya lura.

Ɗan Iya ya goge baki da bayan hannu. "Malam, in takardar nan ta fito, ka tuna da Ɗan'autana. Ko masinja ne. Yana can Abuja yana tura baro, uwarsa ba ta barci."

"Ni dai taki," in ji wani. "Ko rabin buhu."

"Kai ka cika gaggawa," wani ya ce. "Bari ya san inda makewayin ofis yake tukuna."

Aka yi dariya. Baffa Dabo ma ya yi, ya ce in sha Allahu an kusa, ana ta magana a sama.

Sama'ilu ya miƙe. Ya tsaya a inda kowa zai ji shi, muryarsa ta fito a daidaice, kamar yana karanta abin da wani ya rubuta a ƙasan hoto.

"Baba Ɗan Iya, ku gafarce ni. Babu takardar da ke zuwa. Ba ni da kujerar da zan ba Ɗan'auta, ba ni da taki."

Ludayin ya tsaya a hannun wanda yake riƙe da shi.

"Sama'ilu," in ji Baffa. "Zauna."

"Abin da gonar nan ta bayar bana, a fitar wa Inna abincinta, saura na waɗanda suka noma ta ne. Baɗi Baba Ɗan Iya ya riƙe ta aro. Kada a sake yi mini gayya."

"Kai kuma ka ci me?" Ɗan Iya ya tambaya. Bai ɗaga murya ba. Kallonsa yake kamar wanda ya zo gona da safe ya tarar shanu sun kwana a ciki.

Sama'ilu ya dubi mahaifiyarsa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, idonta a ƙasa. Ya juya wajen Baffa.

"Asabar zan tafi Kano. Gobe in sun tambaye ka, Baffa, ka ce musu fassarar fim yake yi, irin wadda yara suke kallo a shagon caji. In sun ba ni Barira, alhamdulillahi. In sun hana, da sana'ata suka hana ni."